Aku Mai Kira

Matso kusa ka ji, wannan magana ba ta son ɗaga murya.

Ina ƙarama muna zaune a unguwar Glass, lokacin da kuɗin fetur ya cika Libreville har Turawa na rasa abin saye. Babanmu ya bar tireda ya koma sayar da aku. Daga daji ake kawo masa su, ya jera keji a bayan gida kafin bato, jirgin ruwan Turawa, ya tsaya a tashar Port Môle. Ni ke ba su kwakwar manja. Ni kuma ke kwashe waɗanda suka mutu da safe, don a keji ɗaya da wuya rabi su kai kasuwa.

Bayan magariba Iya, mahaifiyar Baba, takan hura gawayi tana gasa mana ayaba, mu kewaye ta. Tatsuniya ɗaya ce ba ta yi sai Baba yana gida, kuma da ƙarfi take yin ta.

Wai wani maharbi ya kama aku, ya ɗaure shi a reshe, ya shafe rassan da danƙo. Ya ce, "Kira 'yan'uwanka, in sake ka." Aku ya yi kira, dangi suka sauko suka maƙale. Gobe ma haka, jibi ma haka. Da akun ya tsufa maharbi ya kwance shi. Ya tashi ya shiga daji yana kira, yana kira, ba mai amsawa.

"Iya, da ni kike?" in ji Baba daga kan tabarma.

"Da aku nake, Sule. Kai aku ne?"

"Shinkafar da kike ci fa?"

"Ina ci, ɗan nan. Shi ya sa ba ta wuce min wuya."

Mu yara sai dariya, muna tsammanin wasa suke. Baba bai bar sana'ar ba. Ya gina gida, ya je Makka, ya aurar da mu, duk daga kuɗin tsuntsun nan mai jan wutsiya. Dajin ne ya fara gajiya, masu kawowa suka riƙa zuwa da biyu, da ɗaya, sannan hannu wofi.

Shekaranjiya jikata Hadiza ta zo daga Akanda da littafin lekol, wato makarantarsu, na dabbobin da ke ƙarewa. Ni ban yi boko ba, hoto nake kallo. Ga giwa, ga kunkurun teku. Ta buɗe wani shafi, sai ga aku, toka-toka, yana kallona da ido ɗaya.

"Kaka, madam malamarmu ta ce mugaye ne suka kwashe su. Su wane ne?"

Na ce, "Turawa ne, uwata."

Ta yarda, ta rufe littafi, ta ce in yi mata tatsuniya. Na yi mata ta gizo. A ɗakin da Baba ya gina muke zaune, hotonsa da rawani yana bango, yarinyar nan kullum sai ta gaishe shi.

Kai da ka ji ni, da kai ta tambaya, wa za ka ce mata?