Bangon da Magini Ya Cuce Mu

Ranar da yayana ya samu zinari a Bagega, a ranar ya zama injiniya. Bai taɓa riƙe cebur ba, amma ya rushe ɗakin ƙasar Inna a Anka, ya ce zai yi mata gini irin na birni.

Tsoron 'yan bindiga ne ya zana masa gidan. Ƙofa ɗaya ta ƙarfe, taga biyu da rodi awa kurkuku, silin na roba mai ƙyalli. Ƙofar baya da Inna ke bi ta shiga maƙwabta, ya ce hanyar ɓarayi ce, a toshe. Na tambaye shi in wuta ta tashi fa? Ya ce in daina yi wa gidan mugun baki. Sai ya jera jarkokin fetur na baburansa a barandar, dab da ƙofar nan ɗaya tilo, don nan ne inuwa. Kai, basira dai Allah Ya ba shi.

Abu ɗaya ya ɓata masa rai. Maginin ya rage siminti a bulon bangon baya, ka sa farce yashi ya zubo. Wata uku Yaya yana tsine masa.

Wata ranar Laraba da hantsi, maƙwabciya ta zo ɗibar garwashi, ya zube kusa da jarkokin. Inna tana ciki tana walaha. Na iso da gudu na tarar ƙofar ta zama wuta, silin yana ɗiga, hannun Inna ya fito ta tsakanin rodi. Maza huɗu suka ja rodin, ko motsi. Mai waldan ya yi aikin kirki, Allah Ya saka masa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Mata ne suka zagaya baya da taɓare. Bugu kaɗan bulon ya ruguje awa dawo, suka jawo Inna tana tari, bayanta duk roba.

Da ta dawo daga asibiti, Yaya ya tsuguna gabanta yana rantsuwa wannan karon bulo mai ƙarfi zai sa. Inna ta daɗe tana duban ramin da matan suka fasa a bangon baya.

“Wagga ƙofa kada wanda ya taɓa min ita,” in ji ta. “Maginin nan kuma, ka kai mishi goro.”