Usur Sau Uku a Bayan Romi

Jama'a, yau usur ya kusa ja mini duka.

Na kai ɗaliban sashenmu bayan unguwar Romi horon zaman daji. Malaminmu ya bar mini su, ina jin gwada ni yake kafin ya ba ni aiki. Na koya musu cewa duk wanda ya ɓace ya busa usur sau uku. Sai suka busa gaba ɗaya.

Ashe a unguwar, alamar ɓarayi ke nan. Sai ga 'yan banga da gorori.

Na ce wa shugabansu, "Baba, darasi ne."

Ya ce, "Na baro shagona a buɗe saboda darasinka?"

Ya ƙwace usur ɗin duka, wai sai malamin ya zo da kansa. Har yanzu na kasa kiransa. Ko saƙo zan tura?