Sawu Ɗaya, Rami Ɗaya

Ba a daɗe da sauke tutar Faransa a Tamanrasset ba, bangon rijiya ya rufto wa ƙanena a garkar da yake nomawa a ƙauyen Outoul, kusa da garin. Likita ya yanke masa ƙafar hagu, ya bar taƙi guda ƙasan gwiwa. Ya ja kunnenmu kada a bar gwiwar a lanƙwashe, don in ta ƙage haka, ba ƙafar itacen da za ta zauna.

Gidana aka kawo shi jinya. Matarsa mai tausayi ce, irin tausayin da ke kashe gida. Ta cusa masa matashin fata ƙarƙashin gwiwar, tana ɗura masa shayi da dabino. Cikin wata biyu ya yi teɓa, gwiwa ta ƙage kamar lauje, mai lafiyar ma ta koma sillen kara. Wani maƙeri Buzu ya kawo ƙafar da ya sassaƙa, ya gwada, ya mayar da abarsa jaka.

Garkar ba tamu ba ce. Mai ita ya aiko cewa in lokacin shukar alkama ya yi ƙanena bai tashi ba, zai ba wani. Ban ruwa a can da ƙafa ake yi. Bijimin sa na jan guga, kai kana binsa, ku je ku dawo, tun hantsi har la'asar.

Na ƙone matashin a gaban matar. Na rage masa abinci, ɗan da ya saura kuma in ajiye a ƙarshen tsakar gida, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya ɗauka. Kullum da safe in kifa shi a tabarma, in ɗaura ɗan dutsen niƙa a dungun, in zauna masa a ƙugu. Yana ihu, maƙwabta na leƙe ta katanga.

"Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Ina ji. Naka ne ba na ji. Miƙe ta."

Rannan ya kira uwarmu, na ce da tana raye ita ma ba za ta ciyar da buhu ba.

Gwiwa ta miƙe, ƙafar itace ta zauna. Dutse ya fasa dungun, yashi ya yi ta haɗiye itacen, duk da haka aka shuka alkama yana bayan bijimin. Ya kafa bukka a garkar, ya kwashe matarsa, bai sake taka ƙofata ba.

In ya shigo kasuwa, ta bayan gidana yake zagayewa. Nakan fita in duba yashin: sawu ɗaya, rami ɗaya. Tazarar daidai take, ba ya jan ƙafa. Abin da nake dubawa ke nan.