Fatsar Malam Dawuda

Har gobe in na tuna Juma'o'i biyar ɗin da Malam Dawuda ya cinye mini a kakar 2018, sai raina ya ɓaci. Mutum mai taurin kai irinsa ban taɓa gani ba, kuma wallahi ina kewarsa.

Maƙwabcina ne a unguwar Misfala cikin Makka, ƙofarsa na kallon tawa. Ni Sadisu direba ne, Bakano, abin da na sani game da kifi shi ne a soya a ba ni. Shi kuwa Basarke ne, ɗan gidan masunta daga Yauri, a cikin kwalekwale ya yi wayo. Ya zo aikin Hajji yana saurayi, ya sami kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya zauna. Shekara ashirin da shida yana durƙushe yana shimfiɗa tayil a benayen masaukin alhazai, har tafin hannunsa ya yi kanta kamar bayan tukunya. Kifin teku ba ya ci. In an kawo daga Jidda sai ya ture faranti ya ce wai gishiri ne mai ƙaya.

A shekarar nan abu biyu suka haɗu masa. Kafilinsa ya rufe aiki, aka buga masa huruj, wato fita ba dawowa. Sannan wansa ya rasu a Yauri, dangi suka aiko cewa kwalekwalen gidansu da bakin ruwan da suka gada suna jiransa. Ya amsa musu da to. Amma da ya ajiye waya sai ya zuba wa hannunsa ido.

"Sadisu, ban sani ba ko hannun nan yana jin kifi har yanzu. In na je yara suka gan ni ina lalube, na shiga uku. Ka kai ni ruwa in kama ko ɗaya ne kafin in tafi."

Ruwa a Makka! Na yi dariya har da tari. Sai wani fasinja ya kwatanta mini wani dam a bayan Ɗa'ifa, wanda ruwan saman kaka ya cika, ya ce akwai karfasa a ciki. Shi ke nan na jawo wa kaina.

Matsalar ita ce abin sa wa ƙugiya. A gidansu Malam Dawuda, da kaka, da fara ake fatsa. A sa ta a ƙugiya, a wurga ta sauka a saman ruwa kamar iska ce ta yar da ita. Fara kuwa ga ta nan birjik a lungunmu bayan ruwan sama, har cikin takalmi. Amma malaminsa ya gaya masa farar cikin Harami ba a kama ta. A bakin dam ɗin kuma ko ɗaya babu, sai duwatsu da birai.

Na ce, "Malam, mu sa burodi mana. Ko hanta."

Ya ce, "Wannan fatsar yara ce."

Sai ya zauna ya ƙera fara da hannunsa. Gashin zabo, zaren tela, ɗan guntun soso, ya ɗaure su a jikin ƙugiya, har da ƙafafu. Gaskiya ta yi kyau, ni kaina sai da na kai hannu zan kore ta.

Kifi dai bai yarda da ni ba. Juma'a ta farko, babu. Ta biyu, biri ya sace mana tamis da ful, wato gurasa da wakenmu, muka wuni da yunwa. Ta uku iska ta maƙale masa zaren a ƙaya, muka ɓata awa guda muna warwarewa ina masifa. Ta huɗu na ce, "Haba Sarkin Ruwa, ko dai kifin nan Larabci kawai yake ji?" Ya ci gaba da wurga zarensa. Haushi ya ishe ni, ga hawan dutsen Hada mai sa jiri a hanyar Ɗa'ifa, ga sanyi, ga mutum ya ƙi jin shawara.

Juma'a ta biyar ita ce ta ƙarshe, jirginsa Talata. Da safe kafin mu tashi na tsugunna a bayan gida na kama fara shida na zuba a gorar ruwa, na huda murfin, na ɓoye a ƙarƙashin kujera. Na ce in laifi ne a rubuta mini.

Bayan la'asar iska ta kwanta. Ya wurga, farar gashin ta sauka lumui. Ina tsaye a kan dutse sai na ga inuwa ta taso, baki ya buɗe, ya haɗiye ta. Zaren ya motsa ƙarara. Na jira Malam Dawuda ya fizga. Yana nan tsaye, gorar fatsa a hannu, ko gezau. Kifin ya tofar da ita ya nutse.

Na ruga mota na ɗauko gorar ruwan.

"Malam, ga ta gaske. Wannan in ya haɗiye ba zai tofar ba. Ka sa ɗaya, don Allah, ɗaya tak!"

Ya karɓa ya ɗaga yana kallonsu suna tsalle a ciki. Ya daɗe. Na ga yatsansa ya kai kan murfin.

"A ina ka kama su?"

"Bayan gida."

"Naɗe kaya. Mu mayar da su kafin su mutu."

Na yi ta faɗa tun daga dam har gangaren Hada. Na ce saura awa guda rana ta faɗi, ga kifi ya fara tasowa, wane irin mutum ne kai? Shi kuwa ya rungume gorar ruwan a cinya kamar jariri.

Da muka wuce alamar shiga Harami ya ce in tsaya. Ya sauka ya buɗe murfin a gindin wata ciyawa, suka fice ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo ya zauna, ya rufe ƙofa a hankali.

"Ɗazu da ka ruga mota, ya taɓa ne, ko?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Ya haɗiye ma, Malam."

Ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa, ya shafa kantar da babban yatsa.

"Ban ji komai ba, Sadisu."

Ranar Talata na kai shi Jidda. Gorar fatsar ya bar ta a jingine a ƙofar ɗakina.