Aljihun da Muka Ɗinka wa Kakana

Har yau in na zo zura zare a allura, sai na ɗan dakata. Kada ka ce tsufa ne. Wani ɗinki nake tunawa, wanda aka yi a gidanmu na Achika da damina, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga katangu ba.

Kakana ne ladanin masallacin unguwarmu, mutum mai tsaftar da har ta yi yawa. Ni yake kira amaryarsa, yana tsokanata wai ban iya wanke ƙwarya ba. Fitsarinsa ya tsaya kwana biyu bai gaya wa kowa ba, sai da mararsa ta kumbura aka ɗauke shi zuwa asibiti a Wudil. Can aka sa masa robar fitsari da jakar da yake taruwa a ciki.

Ina tsaye a bakin ƙofa wata nas mai faɗa ta yi wa babana bayani. Ta ce jakar ta zauna ƙasa da ƙugu koyaushe, ya kuma riƙa shan ruwa sosai. Babana ɗan fari ne, ko ido ba sa haɗawa da mahaifinsa. Kansa na ƙasa yana ta "to, to". Da muka koma gida bai maimaita ko kalma ɗaya ba. A wurinsa, ɗa ba ya yi wa ubansa zancen fitsari.

Ranar da kakana ya koma masallaci, jakar ta leƙo ta ƙasan riga, na kusa da shi a sahu suka matsa. Ya dawo bai ci tuwo ba. Kakata ta ɗauko ƙyalle ta ce za ta ɗinka masa aljihu a cikin taguwa, daidai ƙirji, inda ba mai gani.

"Zo ki zura min zaren nan, idona ya mutu," in ji ta.

Na zura. Na tuna abin da nas ta ce sarai, amma ina shekara tara, wa ya aike ni? Har daɗi na ji da aka yaba kaifin idona.

Aljihun ya yi kyau. Kakana ya koma kiran salla, ya kuma rage shan ruwa don kada jakar ta cika kafin a idar. Fitsarin ya riƙa komawa inda ya fito. Kafin gero ya nuna, zazzaɓi ya kama shi da ciwon kwiɓi. Da muka mayar da shi, nas ɗin ta ɗaga taguwar, ta daɗe tana kallon ɗinkin.

"Wa ya yi wannan?"

Ta ce ciwon ya riga ya hau ƙoda. Duk da haka ita ta riƙa goge masa jiki, tana juya shi, har kwana shida, sannan ya rasu.

A zaman makoki, waɗanda suka matsa a sahu su ne suka fi kowa yabon tsaftarsa. Ban yafe musu ba, kaina ma ban gama yafe wa ba.

Yanzu ni ma nas ce. Gine-ginen sun sake, kunyar tana nan yadda na san ta. In zan sallami dattijo mai roba, ba na yi wa babban ɗansa bayani. Yarinyar da ke tsaye a bakin ƙofa nake kira, in sa ta maimaita da ƙarfi a gaban kowa.