Sandar ruwa da kayen Malam Isufu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Malam Isufu, malamin lissafi a wata lakwal, wato makarantar boko, a Birnin Konni, kuma har yau haushi nake ji in na tuna shi. Haushin kaina ne da na mutanenmu.

Gonakin ranin da muke nomawa suna shan ruwa daga magudana ɗaya mai ƙofa huɗu, kowace nesa da ƴar'uwarta. Ruwan ba ya isar ƙofa fiye da ɗaya a lokaci guda. Babu tarho, saboda haka aka yi dabara: sanda ɗaya ce ke zagayawa a kan keke, wanda take hannunsa shi ke buɗe ƙofarsa, in ya gama ya aika wa na gaba. Komite ya ƙara doka cewa in mai ƙofar farko ya kwana uku bai ga sanda ta dawo ba, ya sassaƙa sabuwa. Gonar albasar mahaifinmu tana ƙofa ta huɗu, can ƙarshe, kuma da ita gidanmu ke cin abinci daga rani zuwa damina.

Yaya ya yi karatu a Yamai, ya dawo da littattafai a kan na'urorin ordinatar, wato kwamfuta, da ke wurare daban-daban amma dole su yi aiki ɗaya ta hanyar aika wa juna saƙo. Bai taɓa mallakar na'urar ko ɗaya ba. Da ya ji dokar sandarmu sai ya ce ai matsalar da ke cikin littattafansa ke nan. Ya sayi kaye, wato littafin rubutu, ya yi wata biyar yana cika shi. Abu biyu yake son ya tabbatar da hujjar lissafi, mataki bayan mataki: ƙofa biyu ba za su taɓa buɗewa tare ba, kuma kowa layinsa zai zo. Na farkon ya ƙi tabbata. Dalili kuwa, mai zaman jira ba shi da hanyar sanin ko sanda ta ɓace ne ko ta makara.

Ya kawo gyara. A rubuta lamba a jikin sanda. Kafin a yi sabuwa, a aika wa duka ƙofofin, kowa ya ce ba ta hannunsa, kuma ya amince da sabuwar lamba. Daga nan tsohuwar ta zama itacen wuta ko da ta bayyana. Wannan ya tabbatar da shi a shafi talatin da biyu.

Ni ne sakataren komite a lokacin. Shugabanmu Baba Nomau ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce shekara shida ana bin dokar ba a ga ɓarna ba. Yaya ya amsa cikin ladabi:

"Baba, shekara shidda ba hujja ta ba. Abin da bai hwaru ba daban, abin da ba shi iya hwaruwa daban."

Aka yi dariya, har wani ya ce boko ya yi wa malam yawa. Ni ma na yi, don kada a ce ina goyon bayan ɗan'uwana. A hanya ya miƙo mini kayen ya ce, "Habu, ko kai ɗai ka karanta shi." Na sa shi ƙarƙashin katifa.

Rani na biyu bayan rasuwarsa, mai kai sanda ya samu labarin mutuwar ƙanwarsa a Tsarnawa, ya wuce can da sandar ɗaure a kekensa. Kwana uku suka cika, aka sassaƙa sabuwa. Mai keken ya dawo ya miƙa tsohuwar ga na gaba kamar yadda ya saba. Sanda biyu suka yi ta zagayawa, ruwa ya rabu, bai ƙara isowa ƙofa ta huɗu ba. Kafin a gane, albasarmu ta ƙone. Aka nemi mai laifi aka rasa, domin kowa doka ya bi. Ranar na fito da kayen, na tarar da labarin a shafi na tara, har da mai keken da ya makara.

Yanzu ordinatar sun fara shiga buro-buro, wato ofisoshi, a Yamai da Tawa, ana cewa za a haɗa su da juna. Na san abin da Yaya zai tambaya: in saƙo ya makara fa? Na kuma san amsar da za a ba shi, cewa an gwada an ga yana aiki. Wannan amsar tana ƙona mini rai, don da kunnena na ji ta a bakin Baba Nomau.

Komite ya karɓi gyaran bayan ɓarnar, ba tare da ambaton sunansa ba. Sandar yau lamba bakwai ce. A taron watan jiya sabon shugaba ya ce zagaya ƙofa huɗu kafin a yi sabuwar sanda ɓata lokaci ne, tunda shekara tara ke nan ba a ga matsala ba. Na tashi da kayen a hannu zan kare shi. Suka ce in nuna musu hujjar. Na buɗe, na karanta musu har shafi na tara, na tsaya, don iyakar abin da nake ganewa ke nan. Wanda zai bayyana mini sauran ya roƙe ni in karanta tun yana da rai.