Buhun Takalman Yahuza Mai Huɗa

A'a, ku dakata! Duk kun ɗauka wanda ya yi nisa da gida shi ne ya yi tafiya. To, ba ku san Malam Yahuza mai huɗa ba.

A wani ƙauye ta hanyar Buji yake. Tun yana saurayi yake bin shanu da garma: ya kai ƙarshen kunya, ya juyo, ya kai wancan ƙarshen, ya sake juyowa. Damina ta wuce, ya ɗaura musu amalanke, rijiya zuwa gida, gida zuwa rijiya.

Da aka mai da Dutse babban birnin Jigawa, ƙanensa Kamilu ya hau bas sau ɗaya tak, ya samu aikin gadi a wani ofis, ya zauna a kujera. Amma in ya zo gida ran Juma'a, benci ake ba shi a majalisar Baba Sale, dattijon unguwa. Dokar majalisar kuwa, benci na wanda ya je wani wuri ne, shi ke ba da labari. Saura ƙasa. Yahuza ga furfura, ga zaman ƙasa, ƙanensa na bisa kansa. Abin na cin sa.

Wata rana ya buɗe baki, Kamilu ya tare shi. "Yaya, kai ina ka taɓa zuwa? Inda rana ta same ka, nan take barin ka."

Yahuza ya yi rantsuwa gobe sai Dutse, a ƙafa ma. Ya sallame asuba ya kama hanya. Ya kai bakin gari, ya ga manyan duwatsun nan sun tsaya masa a gaba kamar iyakar gona. Jiki da sabo! Ya ce, "Juya, Goshi!" wai da sansa yake, alhali Goshi na gida yana tuƙa. Ya juyo. Sai da ya hango rumbunansu ya tuna bai shiga garin ba.

Majalisa ta kwashe da dariya. Baba Sale ya ce, "Da safe kana nan, da yamma kana nan. Ina tafiyar?"

Yahuza ya shiga gida ransa a ɓace. Matarsa Mu'minatu ta jawo wani buhu daga bayan rumbu, ta ce, "Malam, kai musu wannan. Na gaji da ajiya."

Ya koma majalisa ya zazzage shi a gabansu. Tsofaffin takalmansa ne na taya, duk sun cinye, wani dunduniya ta huje, wani sai igiya. Ya ce, "Kamilu, ɗaga ƙafarka." Takalminsa sau-ciki ne baƙi wuluk, ƙasansa ko ƙwarzane babu.

Baba Sale ya dubi takalman. Ya ce, "Kamilu ya yi nisa bai yi tafiya ba. Kai kuwa Yahuza ka yi tafiya ba ka yi nisa ba. Kamilu, matsa wa yayanka."

Yahuza ya hau benci, ya gyara hula, aka ce to, labari. Ya ce, "Wata rana ni da Goshi mun kai ƙarshen kunya..."

Har ya rasu labarin ke nan, kuma ba wanda ya sauke shi.

To ku masu karatu ku wuce sum, yau ban yarda ba. Benci na wa ne, mai nisa ko mai tafiya? Kowa ya fito ya faɗa!